FASHIN BAƘI: Lissafin kiwo da gasar neman abinci tsakanin dabbobi, da abin da yake nunawa a ƙasar Sanyinna

A kowace shekara, daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwan farko, tambaya ɗaya ce ke juya rayuwar karkara a kudancin Jihar Sakkwato: ina dabbobi za su ci, kuma zuwa yaushe abin da ke ƙasa zai ishe su? Amsarta ce ke yanke farashin damin harawa a kasuwa, da ranar da garke zai tashi ya nufi kudu, da yawan ƙarar ɓarnar gona da za ta isa gaban uban ƙasa. 'Yan siyasa sukan amsa ta da alƙawarin gandun kiwo ko da barazanar hana yawon kiwo. Masana kimiyyar halittu kuwa sun shafe fiye da shekaru 60 suna amsa ta da lissafi.

Wannan bayani ya tattaro manyan samfuran lissafin da ake amfani da su wajen fahimtar yadda dabbobi ke neman abinci da yadda suke gasa a kansa, ya kuma auna su da yanayin Sanyinna da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal da maƙwabciyarta Kebbe. Inda samfuran suka haɗu shi ne cewa ƙoshin dabba ya dogara ga ko za ta iya kaiwa ga abincin, da awa nawa hakan zai ɗauke ta, da ko tana da damar tashi idan wuri ya ƙare. Faɗin fili kaɗai ba ya ciyar da garke.

Mene ne samfurin lissafi?

Samfurin lissafi taƙaitaccen hoto ne na wani al'amari, wanda aka rubuta da alƙaluma domin a iya tambayar sa: idan kaza ya canza, me zai biyo baya? Kamar taswira yake, ba ya nuna kowane dutse, amma yana nuna hanya.

Samfurin neman abinci yakan ƙunshi abubuwa uku. Akwai zaɓin da ke gaban dabba, wato me za ta ci, a ina, tsawon wane lokaci. Akwai ma'aunin riba, wato ƙarfi ko furotin ɗin da take samu a kowace awa. Sannan akwai iyakokin da ba ta iya tsallakewa, kamar girman baki, da faɗin tumbi, da ƙishirwa.

Fagen ya kafu sosai a 1966, lokacin da Robert MacArthur da Eric Pianka a gefe guda, da John Emlen a ɗaya gefen, suka wallafa nazarce-nazarcensu a Amurka. Hujjarsu ita ce dabbar da ke samun abinci mai yawa da ƙarancin wahala ta fi rayuwa da barin zuri'a, don haka ɗabi'ar dabbobi takan kusanci abin da lissafi ya nuna shi ne mafi riba. Babu mai cewa saniya na ƙirga alƙaluma a kanta. Abin da ake cewa shi ne ana iya hasashen inda za ta sa baki.

Yankin da ake magana a kai

Sanyinna gunduma ce a ƙasar Tambuwal. Tambuwal da Kebbe suna da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015. Mafi yawan ruwan yankin yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, saura kusan wata takwas kuma ƙasa a bushe take. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, shinkafa da kayan lambu a fadama. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Kebbe a kan hanyarsa ta zuwa Jega.

Dabbobin yankin sanannu ne: shanun Gudali, da Rahaji, da Bunaji, tumaki Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, sai raƙuma da jakuna. Abincinsu yana bin kalandar da kowane makiyayi ya haddace. Da damina gonaki a rufe suke, dabbobi na daji da hurumi suna cin ɗanyar ciyawa. Da kaka ana buɗe gonaki su ci karan gero da na dawa. Da rani a koma fadama da ganyen itatuwa. Bazara ita ce lokacin da komai ke ƙarewa kafin sabuwar ciyawa ta tsiro.

Lissafi na farko: nawa dabba ke ci?

Masana kiwo a Afirka suna aiki da ma'auni guda: dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke buƙatar kilo 6.25 na busasshen abinci a rana, wato kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta. A kan wannan ma'auni akan ƙiyasta saniyar garke da 0.7, tunkiya ko akuya kuma da 0.1.

A ɗauki misalin garke mai shanu 50. Sun yi daidai da ma'auni 35, buƙatarsu ta kusa kilo 219 a rana. A kwana 240 na rani, jimilla kilo 52,500 ke nan. Idan aka ƙaddara cewa hekta ɗaya ta fitar da kilo 1,500 na busasshiyar ciyawa a ƙarshen damina, ba duka ne zai shiga cikin dabba ba, domin gara da iska da gobarar daji da tattakewa suna da nasu kaso. Shi ya sa a ƙasashen Sahel akan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin abin da za a ci, wato kilo 500 a wannan misali. Garken zai buƙaci hekta 105. A shekarar da ruwa ya gaza har ciyawa ta ragu da rabi, zai buƙaci hekta 210.

Irin wannan lissafi ne Jamhuriyar Nijar ke yi duk ƙarshen damina, inda ma'aikatar kiwo ke haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon ciyawar da aka yanka a fili, ta fitar da rarar ko giɓin abincin dabbobi jiha-jiha. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana sa ido kan irin waɗannan bayanai a faɗin yankin Sahel.

Sai dai nauyi ba shi ne inganci ba. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbin dabba suna buƙatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 na abincin, busasshiyar ciyawar rani kuwa takan faɗi ƙasa da hakan sosai. Saniya na iya tsayawa a cikin ciyawa har gwiwa tana ramewa. Wannan ne dalilin tsadar harawa da dusa da kowar wake, da darajar gawo, wanda ke fitar da ganye da 'ya'ya da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

Lissafi na biyu: baki da lokaci

A 1959 masanin Kanada, C. S. Holling, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya rufe idon wata mataimakiyarsa, ya watsa ƙananan faya-fayen takardar gogewa a kan tebur, ya sa ta riƙa lalubowa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ƙara yawan faya-fayen, abin da take tsintowa ya ƙaru, amma daga baya ƙaruwar ta tsaya, domin lokacin ɗauka da ajiyewa ya cinye lokacin nema. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa: abin da dabba ke ci yana ƙaruwa da yawan abinci zuwa wani mataki, sannan ya tsaya.

Ga mai kiwo, gefen ƙasa na wannan ƙa'ida ya fi muhimmanci. Saniya tana naɗe ciyawa da harshe ne ta fizge, don haka idan ciyawa ta gajarce lomarta na ƙanƙancewa. Takan rama da saurin cizo da tsawaita awannin kiwo, amma ramuwar na da iyaka, tunda tana buƙatar lokacin tuƙa da hutu da zuwa mashaya. Kowace awa da aka ɓata a kan hanya, ko a tsare a turke ana jiran gari ya waye, an zare ta ne daga cikin dabba.

Binciken da masanan Cibiyar Nazarin Dabbobi ta Duniya, ILRI, suka yi a yankin Fakara da ke gabas da Yamai ya bi garkuna sawu da ƙafa yana auna tafiyarsu da cinsu da kashinsu. Daga cikin abin da aka gano akwai cewa kiwon dare yana ƙara abin da shanu ke samu da rani. Makiyayan Sakkwato sun san haka tun kaka da kakanni. Amfanin binciken shi ne ya ba ilimin nasu alƙaluman da za a iya kai wa gaban hukuma.

Lissafi na uku: yaushe ake barin wuri?

Abinci a daji ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba, yana nan ne tsibi-tsibi: kwari mai kyasuwa a nan, gindin gawo a can, gonar da aka girbe a gaba. A 1976 Eric Charnov ya nuna cewa dabba ta fi cin riba idan ta bar wuri a daidai lokacin da abin da take samu a cikinsa ya sauko zuwa matsakaicin abin da za ta samu a yankin baki ɗaya, bayan an cire wahalar tafiya. Sakamakon wannan ƙa'ida a fili yake: muddin tafiya tsakanin wurare ta yi nisa ko tsada, dabba za ta ƙara daɗewa a inda take, ta cinye shi har ƙasa.

A nan burtali ya shiga lissafi. Idan aka nome hanyar shanu, tazarar da ke tsakanin hurumi biyu ta ƙaru ko da ba a rage wa ko ɗaya daga cikinsu taku ɗaya ba. Garken da a da yake kwana uku ya wuce zai yi mako biyu. Wurin zai ƙwaƙule, a ce dabbobi sun yi yawa, alhali hanya ce ta toshe.

Ruwa ma yana da nasa lissafi. Da rani shanu na sha kullum ko bayan kwana ɗaya, don haka kiwonsu da'ira ce da mashaya ke tsakiyarta. Garken da ke iya nisan kilomita 5 daga ruwa yana da fili kusan hekta 7,850 a gabansa. Wanda ke iya kilomita 10 yana da kusan hekta 31,400, ninki huɗu. Masanin Ostireliya, Robert Lange, ya bayyana a 1969 yadda ƙasa ke ƙwaƙulewa kusa da mashaya tana ƙara kyau idan an yi nisa. Darasin ga masu haƙa rijiyar burtsatse shi ne inda aka sa ruwa yana yanke inda za a ci ciyawa. Mashaya ɗaya da lambu ya kewaye kuma tana iya fitar da dubban hektoci daga amfani.

Lissafi na huɗu: yadda garkuna ke rabuwa a fili

A 1970 Stephen Fretwell da Henry Lucas suka fitar da samfuri kan yadda tsuntsaye ke zaɓar mazauni. Idan kowa ya san inda abinci yake, kuma babu mai hana shi zuwa, za su rarrabu daidai da yawan abincin: wurin da ya ninka wani albarka zai ɗauki ninkin masu ci, har rabon kowa ya zo ɗaya.

An gwada wannan a kan makiyaya. Mark Moritz na Jami'ar Jihar Ohayo da abokan aikinsa sun bi rugagen Fulani da Larabawan Shuwa a fadamar Logone da ke arewacin Kamaru, suka haɗa wuraren saukarsu da hotunan tauraron ɗan'adam. A sakamakon da suka wallafa a 2014, rabuwar garkunan ta dace da rabuwar ciyawa, ba tare da wata hukuma ta raba masu fili ba. Labari yana yawo a tsakaninsu, kowa kuma yana da damar tashi.

Wannan ya ci karo da fitaccen ra'ayin Garrett Hardin na 1968, cewa filin da kowa ke kiwo a cikinsa dole ya lalace domin kowa zai ƙara dabba. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta tattaro misalai daga ƙasashe da dama na al'ummomin da suka daɗe suna sarrafa dukiyar gama-gari da ƙa'idojin kansu.

Amma samfurin yana da sharaɗi, wato 'yancin tafiya. Fretwell da kansa ya bayyana abin da ke faruwa idan sharaɗin ya faɗi: masu ƙarfi su kame wurare masu kyau, raunana su cunkushe a ragowar. A karkara mai ƙarfin na iya zama attajirin da ya killace fadama, ko mai babban garke da ke da kuɗin tankar ruwa, ko mai bindiga.

Gasa tsakanin shanu, tumaki da awaki

Tushen lissafin gasa tsakanin jinsuna yana komawa ga ayyukan Alfred Lotka da Vito Volterra na tsakiyar shekarun 1920. A 1934 masanin Rasha, Georgy Gause, ya gwada shi da ƙananan halittun ruwa a kwalba, ya ga cewa jinsi biyu masu dogaro da abinci iri ɗaya tak ba sa daɗewa tare, ɗaya yakan kawar da ɗaya. Zaman tare yana yiwuwa ne idan kowa yana da nasa ɓangaren.

Garken gauraye misali ne na wannan rabo. Shanu sun fi son doguwar ciyawa irin su gamba da kyasuwa. Tumaki masu siririn baki suna tsintar gajera da ƙananan ganyaye. Awaki suna miƙewa kan ƙafafun baya su ci sabara da magarya da aduwa. Raƙumi yana kaiwa inda babu mai kaiwa. Da damina gasa tsakaninsu kaɗan ce. Da bazara, lokacin da kowa ya koma kan ragowar kara da 'ya'yan itace, takan yi tsanani, saniya mai babban ciki kuma ita ke fara jigata.

Idan aka daɗe ana cin wuri ba hutu, ciyawar da dabbobi ke so takan ja baya, tafasa da tumfafiya da garmani su mamaye. Fili yana nan kore shar a ido da kuma a hoton tauraron ɗan'adam, amma abincin shanu ya ragu.

Ba kowace haɗuwa ce gasa ba. Balbela na bin shanu tana kama ƙwarin da suka tayar. Tsohuwar al'adar sauke ruga a gona bayan girbi ma haka take: dabbobi su ci kara, gona ta samu taki. Binciken haɗin gwiwa da masanan Jami'ar Giessen ta Jamus da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi a gandun dajin Zamfara a shekarun 1990 ya nuna yadda manoman ƙauyukan cikin dajin suka dogara da takin dabbobi wajen riƙe ƙarfin gonakinsu. A yau kara da harawa sun zama haja. Ana tattare su a ɗora kan itace ko rufin ɗaki, domin turkar ragunan layya ko domin sayarwa da bazara. Manomi na da cikakken haƙƙi a kan abin da ya noma, amma a lissafi wannan sabon mai gasa ne da ya shigo fili.

Tsoro a matsayin kuɗin abinci

A 1988 Joel Brown ya zuba tsaba cikin farantan yashi a hamadar Arizona, ya bar ɓeraye su tona. Sun bar tsaba da yawa a farantan da ke sarari, inda mujiya ke iya ganin su, suka cinye na ƙarƙashin kurmi. Abin da dabba ta bari a baya ya zama ma'aunin tsoronta. Daga baya masana suka faɗaɗa wannan zuwa abin da suke kira taswirar tsoro: wuraren da abinci yake amma ba a shiga.

A arewa maso yammacin Najeriya, satar shanu da garkuwa da mutane sun zana irin wannan taswira. Dajin da ba a iya shiga ya fita daga lissafin abinci ko da ciyawarsa ta kai ƙirji. Kiwon dare ya zama kasada. Garkuna na matsowa kusa da gari da bakin titi, inda gonaki suke. A gefe guda kuma manomin da ya kasa zuwa gonarsa ta nesa yana nome ta kusa har bakin burtali. Duk ƙiyasin abincin dabbobi da bai cire wuraren da tsoro ya rufe ba zai nuna rarar da babu ita.

Janbaki: mai gasar da ke zuwa ta sama

Manoman gero da dawa da shinkafa a Sakkwato da Kebbi sun san tsuntsayen janbaki. Ɗaya daga cikin muhimman nazarce-nazarcen duniya a kan cinsu a Najeriya aka yi shi: Peter Ward ya bi su a yankin Tafkin Chadi, ya wallafa sakamakonsa a 1965. Ya nuna cewa ainihin abincinsu tsabar ciyawar daji ce. Idan ruwan farko ya sauka tsabar ta tsiro, abincinsu ya ɓace lokaci guda, sai su yi ƙaura zuwa inda ruwa ya riga ya sauka ciyawa ta fara zuba sabuwar tsaba. A 1973 Ward da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin cewa babban makwancin tsuntsaye wurin musayar labari ne, wanda bai samu abinci jiya ba yakan bi wanda ya samu.

Amfanin wannan ga hukuma shi ne ana iya hasashen lokaci da wurin da haɗarin zai fi yawa ta hanyar bin sawun ruwan sama da nunar tsaba. Feshin jirgin sama da maganin fenthion yana da tsada, yana kuma kashe wasu tsuntsayen da ba su da laifi. Daidaita lokacin shuka a fadama guda da gano makwanci da wuri suna rage buƙatarsa.

Muhawara kan iyakar abin da fili zai ɗauka

A 1975 Imanuel Noy-Meir ya nuna da lissafi cewa filin kiwo na iya faɗawa farat ɗaya daga yanayi mai albarka zuwa ƙwaƙulalle idan dabbobi suka haura wani adadi, kuma dawo da shi ya fi wuya. Wannan ya ƙarfafa masu kiran a ƙayyade yawan dabbobi. A 1988 James Ellis da David Swift, bayan dogon bincike a Turkana ta Kenya, suka nuna cewa a inda ruwa ba shi da tabbas fari ne ke yanke yawan ciyawa da na dabbobi, don haka tsayayyen adadi ba shi da ma'ana. Tun a 1983 Henk Breman da C. T. de Wit, bisa binciken da aka yi a Mali, sun nuna cewa makiyaya masu ƙaura suna fitar da furotin a kowace hekta fiye da killatattun gandayen Amurka da Ostireliya masu irin wannan ruwan.

A 1999 Andrew Illius da Tim O'Connor suka kawo matsaya ta tsakiya: adadin dabbobin da yanki zai riƙe yana rataye ne a kan ƙananan wuraren da ke ciyar da su a ƙarshen rani. A ƙasar Tambuwal da Kebbe waɗannan wurare su ne fadamu da bakin gulbi da tafkuna, kuma su ne noman rani ke faɗaɗa a cikinsu. Hekta ɗaya ta fadama a watan Afrilu ba daidai take da hekta ɗaya ta tudu ba, ko da takardar hukuma ta lissafa su ɗaya.

Doka da siyasa

Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta fito a 1965. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha ambatawa a baya su ne gandaye 415, waɗanda 141 kacal aka yi wa rajistar doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da fili har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. ECOWAS ta amince da yarjejeniyar ƙaurar dabbobi tsakanin ƙasashe a 1998. Nijar ta kafa dokar makiyaya a 2010 wadda ta amince da ƙaura a matsayin haƙƙi. A Najeriya an dakatar da shirin RUGA a watan Yulin 2019, aka koma kan shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa na shekaru goma. Gwamnonin kudu sun ayyana hana yawon kiwo a Asaba a watan Mayun 2021, sannan a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi.

Samfuran da aka bayyana ba su hana killace dabbobi ba. Abin da suke nunawa shi ne farashinsa. Dabbar da ba ta tafi ga abinci ba sai an kawo mata shi. Shanu 50 na misalin baya suna buƙatar kusan tan 80 na busasshen abinci a shekara, wanda sai an noma, an yanka, an adana, an yi dako. Shirin killacewa da bai faɗi wanda zai biya wannan ba bai kammala lissafinsa ba.

Iyakar samfuri

Tun a 1987 wasu masana biyu, Pierce da Ollason, suka jero dalilai takwas na sukar wannan fage, ciki har da cewa dabba ba ta da cikakken sanin abin da ke gabanta. Saniyar kiwo kuma ba ita kaɗai ke zaɓa ba, akwai makiyayi mai tunanin kasuwa, da iyali, da lafiyar garke, da dangantaka da mai gari. Samfuri yana buƙatar ƙidaya mai kyau. Ƙidayar da aka daɗe ana kafa hujja da ita a Najeriya ita ce ta 1990, wadda ta ba da shanu miliyan 13.9, tumaki miliyan 22.1 da awaki miliyan 34.5, kuma da yawa daga alƙaluman shekarun da suka biyo baya ƙiyasi ne da aka ɗora a kanta.

Lissafi kuma ba ya yanke hukuncin mallaka. Manomin da shanu suka cinye masa wake ya yi asarar abincin iyalinsa, bayanin dalilin shigar shanun ba ya biyan sa diyya. Aikin samfuri shi ne ya nuna inda matsin yake taruwa kafin a kai ga zubar da jini.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Duk wanda ya zo Sanyinna, Tambuwal ko Kebbe da alƙawarin warware rikicin noma da kiwo, akwai tambayoyin da wannan ilimi ya ba matasa damar yi masa. Dabbobi nawa ne a ƙaramar hukumar a watan Agusta, nawa ne a watan Afrilu, kuma wa ya ƙirga? Burtali nawa ne ke a taswirar hukuma, nawa ne har yanzu garke zai bi daga farko zuwa ƙarshe? Mashaya nawa ce ke da hanyar shiga da rani? Wane kaso na fadama aka ware wa dabbobi a watanni biyun ƙarshe kafin ruwa? Hekta nawa ta daji tsoro ya rufe? Idan kuma killacewa ce manufar, nawa ne kuɗin ciyar da saniya ɗaya a shekara, kuma daga wane aljihu zai fito?

Yawancin waɗannan ba sa buƙatar manyan na'urori. Wayar hannu mai nuna wuri, da sikeli, da zama da arɗo da sarkin noma da ma'aikacin gona na ƙaramar hukuma sun isa a fara, kuma lokacin da ya fi dacewa da awon shi ne watan Oktoba, kafin a buɗe gonaki.